Igwar Iska: Daga Bindigar Gora Zuwa Gidan Mai Ɗori

Tun da aka dawo hutu na lura akwai wasu bidiyoyi da ke yawo a wayoyin 'yan hostal, musamman mu 'yan sashen kanikanci. Wani Bature ne ya haɗa bututun roba biyu, ya ɗura wa ɗaya iska da famfo, ya buɗe bawul, sai ka ga dankali ya tashi ya ɓace a sama. Har na ji wasu 'yan ND I a bakin kanti suna shawarar haɗa irinta don su burge mutane ranar baje kolin sashe. Shi ya sa na ce bari in ɗauki biro, domin ni na riga ku shiga wannan ruwan. Ni da wani abokina mun haɗa tamu a watan Afrilun da ya wuce. Ta yi mana aiki kwana biyu, a rana ta uku ta fashe, abokin nawa ya yi kusan wata biyu da hannu a ɗaure.

Ba zan koya wa kowa yadda ake haɗa ta ba. Abin da nake so in bayyana shi ne me ke faruwa a cikin bututun nan, da kuma lissafin da ya kamata mu yi tun farko, wanda sai bayan ɓarna muka zauna muka yi shi.

Dukkanmu mun taɓa yin ƙaramarta

Ni a Maiyama na tashi. Muna yara babu wanda ba shi da bindigar gora, wanda bai samu gora ba ya yanko hannun ganyen gwanda tunda shi ma cikinsa rami ne. Za ka tauna takarda ko ka jiƙa ta, ka cusa ɗaya a bakin gaba, ka cusa ɗaya ta baya, ka tura ta bayan da siririn icce da ƙarfi. Sai ka ji "fat!", ta gaban ta fita ta sami ƙeyar wani. Da muka shiga sakandare muka koma yin ta da bututun biro da ɓawon lemo, ana cikin darasi.

A lokacin ba wanda ya tambayi kansa me ya fitar da takardar gaba alhali iccen bai taɓa ta ba. Iskar da ke tsakanin takardun biyu ce. Ka toshe mata gaba, ka toshe mata baya, ka kuma rage mata wurin zama. Iska idan aka ƙuntata ta sai matsinta ya ƙaru. Ka mayar da wurin rabi, matsin ya ninka biyu; ka mayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu, ya ninka huɗu, muddin zafin bai canja ba. Wannan ita ce dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662, wadda muka haddace don jarrabawa muka manta da ita a bakin ƙofar hol. Ashe mun yi shekaru muna aiki da ita a inuwar dogonyaro.

Kada a haɗa wannan da bindigar ashana da yara ke bugawa lokacin azumi, ko gwangwanin kabayid ɗin masu walda. Waɗancan wuta ce ke tashi a cikinsu. Igwar iska babu wuta, babu albarushi, babu hayaƙi, kuma wannan ne ma ya sa ake raina ta. Mutum ya ce, to ai iska ce kawai.

Abin da mai faci ya sani

SIWES ɗina a wani garejin manyan motoci na yi shi a Jega. Duk wanda ya san garin ya san tireloli ba sa yankewa, tunda nan hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da Kontagora ta haɗu da ta Birnin Kebbi. Kusa da garejin akwai wani dattijo mai faci, kuma gaskiya na ƙaru da shi fiye da yadda na zata. Duk lokacin da zai ba tayar tirela iska, sai ya kori kowa daga gabanta, shi ma ya koma gefe ya riƙe dogon tiyo. Wata rana na tsaya ina leƙe sai ya daka mini tsawa: "Kai ɗan boko, matsa can! Wagga taya ba ta san karatu ba."

Na yi dariya na matsa. Da na ce masa, "Baba, ai iska ce," sai ya ce in je in tambayi waɗanda suka taɓa ganin rim ya tashi.

Bari in sa lambobi a kan maganar Baba. Iskar da muke shaƙa tana danna jikinmu da matsi kusan psi 14.7, wato kusan ba 1. A sauƙaƙe, ba 1 yana nufin nauyin kilo ɗaya a kan kowane ɗan wuri mai faɗin santimita ɗaya da tsawon santimita ɗaya, kamar farcen yatsanka. Tayar ƙaramar mota ana ba ta psi 30 zuwa 35. Tayar tirela tana ɗaukar psi 100 ko fiye, wato wajen ba 7. Wannan "tsss" ɗin da kuke ji idan direban tirela ya taka burki, ita ma iska ce mai irin wannan matsi a cikin tanki, dabarar da George Westinghouse ya yi wa rajista a 1869 don jiragen ƙasa. Iskar da ke tsayar da mota mai ɗauke da buhun siminti ɗari shida ba abin da za a kira "kawai" ba ce.

Na ji duk wannan, na ma rubuta wani abu a cikin littafin SIWES, malami ya sa hannu. Amma ji daban, ganewa daban.

Aliero

Abokina ɗan Aliero ne, ajinmu ɗaya. Mahaifinsa yana noman albasa kamar yawancin mutanen garin, yana kuma da 'yar gonar shinkafa ta rani a fadama. Duk ɗan Kebbi ya san abin da tsuntsayen jan-baki ke yi wa shinkafa idan ta fara nuna. Sukan sauko kamar hadari, yara su yini a gona suna ihu suna buga gwangwani. Tunaninmu na farko, Allah ya sani, mai kyau ne: mu haɗa wani abu mai ƙara da zai riƙa korar tsuntsu, ƙannensa su samu su je makaranta. A ƙasashen waje akwai irin wannan na'ura, sai dai da iskar gas take aiki, kuma manoma sun san tsuntsu yakan saba da ƙarar idan ba a riƙa canja mata wuri ba.

Daga korar tsuntsu zuwa harba albasa kuwa ba nisa. Lokacin girbi ne, ruɓaɓɓiyar albasa ga ta nan zube a bakin rumbuna ba mai so. Kafin la'asar ta ranar farko mun manta da jan-baki, mun koma gasar wa zai tsallake bishiyar giginya da ke can ƙarshen fili.

Yadda abin yake aiki ba wani sihiri ba ne, bindigar gora ce ta girma. Akwai tanki inda ake tara iska, akwai bawul, akwai bututun fita. A bindigar gora, hannunka ne ke matsa iskar nan take. A igwa kuwa kana tara ƙarfin hannunka ne sannu a hankali, bugun famfo ɗari ko ɗari biyu, ka adana shi kamar yadda ake danne sifirin, sa'an nan ka sake shi gaba ɗaya cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Aikin minti uku ya fita a ɗan ɓangaren daƙiƙa. Nan ne duk ƙarfin yake fitowa. Albasa mai giram 150 idan ta fita da gudun mita 60 a daƙiƙa, ta wuce kilomita 200 a awa ke nan. Wanda ta sama a ido, ya yi ban kwana da idon.

Mu dai hankalinmu duk yana kan bakin bututu. Mun tabbatar ba kowa a gaba, mun kori yara da awaki, har muna yaba wa kanmu cewa mun bi ƙa'ida. Ba wanda ya waiwayi tankin da muke tsugune a kansa.

Kwana biyu na farko da famfon ƙafa muka yi aiki, geji bai wuce psi 40 zuwa 50 ba. Rana ta uku giginya ta ƙi tsallakuwa, sai muka aro ƙaramar kwamfaresa. Muka ɗura har geji ya nuna 100. Albasa ta ƙare, na tafi ɗebo wata, muka bar abin a kwance a rana, wajen ƙarfe ɗaya, a watan Afrilu. Ina dawowa da kwano a hannu na ga abokina ya duƙa zai gyara masa zama.

Ƙarar ba irin ta harbi ba ce, ta fi kama da fashewar taya. Murfin bayan tankin ya fita ya sami damtsen hannunsa na ƙasa, jikin bututun kuma ya tarwatse kamar an fasa tangaran. Wani ɓallin ya tsaga masa gefen kunci, wani muka same shi daga baya a kafe a jikin katangar laka. Ni kunnena ya yi kwana biyu yana ƙugi.

Mahaifinsa ya fito ba ko takalmi. "Mi kunka yi? Mi kunka yi haka?" Na ce, "Baba, iska ce ta fashe." Har yau idan na tuna wannan amsar sai kunya ta kama ni. An kai shi asibiti aka ɗinke kuncin, aka ɗauki hoto aka ga ƙashi ya karye. Daga nan iyaye suka ce gida za a yi ɗori. Aliero dai ba a gaya mata ɗori, daga nesa ma mutane ke zuwa nemansa. Mahaifiyata da labari ya kai mata Maiyama cewa ta yi, igwar iska ai sai 'yan iska. Ban ce uffan ba.

Lissafin da muka yi a makare

Yana jinya ina zuwa duba shi, a nan muka ɗauko takarda. Abu huɗu muka gano, kuma ko wanne a cikinsu yana cikin littattafan da muka riga muka ci jarrabawarsu.

Na farko, nauyin da ke kan murfi. Bututun inci 4 faɗin bakinsa kusan santimita 10 ne, fuskar murfin ta kai murabba'in santimita 78 ke nan. A ba 7, kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da kilo 7. Ka ninka, ka samu kusan kilo 550. Buhun siminti 11 ke nan a kan murfin da muka liƙa da gam, muka bar shi ya sha iska na 'yan awoyi. Da wani ya ce mana mu rataya buhun siminti 11 a jikin wannan murfin mu kwanta a ƙarƙashi, da mun ce mahaukaci ne. Amma da yake nauyin ba ya ganuwa, sai muka zauna a gefensa muna hira.

Na biyu, bututun kansa. Fayif ɗin roba na PVC da ake sayarwa a kasuwa kala-kala ne. Akwai na wayar lantarki, akwai na magudanar ruwan wanka da banɗaki, akwai na ruwan famfo. Biyun farko ba a yi su don ɗaukar matsi ba sam. Namu na magudana ne, shi ya fi araha. Amma ko da mun sayi na famfo mai lamba a jiki, ba mu tsira ba, domin lambar ta ruwa ce, ba ta iska ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, tun 1988 ta fitar da gargaɗi kan amfani da PVC wajen ɗaukar matsattsiyar iska a sarari. Dalili shi ne yanayin karyewarsa. Ƙarfe mai kyau yakan kumbura ko ya yage. PVC ba ya gargaɗi, tarwatsewa yake yi, kuma ɓallinsa yana da kaifi.

Na uku, rana. Lambar da ake bugawa a jikin fayif an auna ta ne a zafin digiri 20 zuwa 23. Idan zafi ya kai digiri 43, ƙarfin PVC ya koma rabi. A digiri 60 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. To wane ne a Kebbi bai san Afrilu ba? A inuwa ma zafi yana wuce digiri 40, balle abin da aka yar a kan rairayi da tsakar rana. Kuma yayin da roba ke laushi, iskar da ke ciki ƙara matsi take yi: daga digiri 25 zuwa 55 matsin yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari. Tanki yana rauni, abin da ke cikinsa yana ƙarfi. Ga shi kuma fayif ɗin da ya daɗe a jingine a ƙofar shago rana tana dukansa ya riga ya yi gautsi tun kafin ka saya.

Na huɗu shi ne wanda ya fi girgiza ni, kuma shi nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. Tankinmu yana cin kusan lita 10. Don a kai shi ba 7, sai an cusa masa iskar da a sarari za ta cika wajen lita 70, ƙari a kan wadda ke ciki. Duk wannan iskar tana neman hanyar komawa girmanta na asali. Idan ka lissafa aikin da za ta iya yi a lokacin da ta kuɓuce, ya haura jul 5,000. Kwatankwacinsa shi ne a sako buhun siminti daga tsayin mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku.

Yanzu ka cika wannan tankin da ruwa, ka kai shi ba 7 ɗin dai. Ruwa ba ya matsuwa sai ɗan kaɗan ƙwarai. A cikin lita 10, abin da zai ragu bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ƙarfin da ruwan ya adana kuwa kusan jul ɗaya ne tak. Geji iri ɗaya, lamba iri ɗaya, amma ɗaya jul 1, ɗaya sama da jul 5,000. Idan tanki mai ruwa ya tsage, zai yi tsartuwa ya jiƙa maka wando, matsi ya faɗi nan take. Idan mai iska ya tsage, iskar za ta ci gaba da tura ɓallin har sai ta gama buɗewa.

Shi ya sa a masana'antu da ruwa ake gwada tukunyar gas da tukunyar tururi da bututun mai, ba da iska ba. Malaminmu ya faɗi wannan a lakca. Na duba littafina na gani da rubutun hannuna, har na ja masa layi.

Wani zai ce to sai a yi da ƙarfe. Ƙarfe ya fi, amma ba kowane ba. Tsohuwar tukunyar da aka tsinto a wurin 'yan gwangwan, ko tankin da aka yi wa walda a bakin titi, ba wanda ya san iyakarsa. Ko tankin kwamfaresa na kamfani yakan tara ruwa a ƙasansa saboda raɓar da ke cikin iska, ya yi tsatsa daga ciki, waje kuwa fenti yana ƙyalli. Wannan ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki don zubar da ruwan aka sa shi. Idan kun shiga wakshof ku duba ko ana buɗe shi. Tunda muna kan maganar wakshof: wasan da wasu ke yi na hura wa juna tiyon kwamfaresa a jiki ko ta bayan wando, a daina. Iska tana iya shiga ta rauni ko ta wata kafa ta jiki, kuma an sha rasa rayuka ta wannan hanyar a ƙasashe daban-daban.

Su waɗanda muke kallo a bidiyo fa?

Abin sha'awa ne na gaske a wasu ƙasashe, ba na musu. A jihar Delaware ta Amurka an fara wata gasa a 1986, ana kiranta Punkin Chunkin, inda ake gasar jifa da kabewa. Manyan igwoyin iska da ake jawowa da tirela su ne ke kan gaba, a 2013 wata ta jefa kabewa sama da mita 1,400. Waɗannan mutane ne masu tankunan ƙarfe da masu duba lafiyar na'ura da fili mai shinge. Duk da haka a 2016 wani ɓangaren ƙarfe ya ɓalle daga jikin wata igwa ya ji wa wata ma'aikaciyar talabijin mummunan rauni, shekarar da ta biyo baya ba a yi gasar ba. Wannan ɓangaren ba ya cikin guntayen bidiyon da ake tura mana.

Fasahar kanta tsohuwa ce, kuma tana da amfani. Wajen 1780 sojojin Ostiriya sun riƙe bindigar iska ta Girardoni, wadda sai an yi mata bugun famfo kusan 1,500 kafin tankinta ya cika. Tun shekarun 1940 masu ƙera jiragen sama ke amfani da igwar iska suna harba gawar kaza a gilashin jirgi, don su ga ko zai jure karo da tsuntsu a sama. A masana'antun siminti ana kafa irinta a jikin manyan rumbuna, ta riƙa sakin iska lokaci-lokaci tana kakkaɓe kayan da suka daskare. Duk wanda Allah ya kai shi SIWES Kalambaina ko Obajana ya tambayi injiniyoyin wurin. Ilimin matsattsiyar iska abinci ne ga mai kanikanci. Bambancin kawai, su can an san kaurin ƙarfen, an gwada shi, akwai bawul ɗin da ke buɗe kansa idan matsi ya wuce iyaka, kuma ba mai tsugunawa a kai.

Sai kuma hukuma

Akwai abin da bai zo mana a rai ba sai da wani yayan abokina ya tuna mana. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta lissafa bindigogin iska cikin makaman da sai da lasisi ake riƙewa, kuma ƙera makami ba tare da izini ba laifi ne mai zaman kansa. Ko abin da muka haɗa ya shiga ƙarƙashin wannan doka ko bai shiga ba, ba a bakin shingen bincike ake son a fara wannan muhawarar ba. Ku dubi halin tsaron da yankinmu ke ciki. Ɗalibi ya ɗauko dogon bututu mai bawul da geji a bayan mashin, tsakanin Jega da Maiyama da yamma, ya fara yi wa jami'i ko ɗan sa-kai bayanin dokar Boyle. Ranar da tamu ta fashe, maƙwabta da gudu suka fito, wasu sun fara tura mata da yara ɗaki. Sai da Baba ya bi gida-gida yana ba da haƙuri.

Ga mai son ya ga abu ya tashi

Ni har yanzu ina son ganin abu ya tashi sama, ban warke daga wannan ba. Abin da na koma yi shi ne rokar ruwa. Robar lemo mai gas ce, wadda dama an yi ta don ta riƙe matsi, a zuba ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku, a ba ta iska da famfon keke ta dogon tiyo, kowa yana nesa. Iska ta tura ruwa ƙasa, roba ta tashi sama. Boyle yana ciki, dokar Newton ta uku tana ciki, har da lissafin jan iska da na fukafukai. Iskar da ke cikinta wajen lita ɗaya ce, a psi 40 zuwa 45 ƙarfinta bai kai jul 200 ba, kuma abin da ke tashi fankon roba ne mara nauyi. Ita ma ba a leƙa ta, ba a nuna ta ga mutum, ba a amfani da robar da ta karce ko ta sha rana, balle kwalbar gilashi.

Kada wani ya ce wasan yara ne. A 2015 wata tawaga daga Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ta harba rokar ruwa ta kai tsayin mita 830, ta kafa tarihi a duniya. Tasu ba robar lemo ba ce, sun yi shekaru suna aiki a kanta, amma ruwa da iska ne dai.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai ita ce a nemi izinin hukumar makaranta a shirya mana gasar irin wannan a filin ƙwallo, sashe da sashe, da malami ɗaya ko biyu a tsaye, a ƙayyade matsin da ba za a wuce ba. Kowace tawaga ta kawo lissafinta a rubuce kafin a ba ta famfo, a ba da maki kan wanda hasashensa ya fi kusa da abin da aka auna, ba kan wanda ya fi nisa kawai ba. 'Yan ND I da na ji a bakin kanti, ku zo mu yi wannan tare.

Abokina ya dawo makaranta, hannu ya haɗe, sai dai ya ce yana masa tsami idan ya daɗe yana zanen injiniya. Tabon kuncin yana nan. Na nuna masa wannan rubutu kafin in miƙa wa edita, ya karanta ya ce in ƙara cewa shinkafar Baba, jan-baki sun ci rabonsu a makon da muke zaryar asibiti, ƙannen nasa kuma sun koma buga gwangwani.